Falle a Filin Ƙwallo: Yadda Manyan Kulob Ke Cin Hatsin Da Bai Nuna Ba

Wannan lacca ce da wani malamin lissafin kuɗi, wanda ya taɓa riƙe ma'ajin wani kulob na unguwa, ya gabatar a cikin garin Katsina gaban masu horar da matasa da shugabannin ƙananan kulob-kulob. Daga muryar da aka naɗa a waya muka rubuto ta. Mun rage gaishe-gaishen farko, mun kuma tsallake wuraren da hayaniya ta rufe magana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayena da yayyena da ke gaba, malamai masu horarwa, da ƙannena da suka cika baya, barkanmu da yamma.

Da aka ce in zo in yi magana kan basussukan manyan kulob na Turai, wani abokina ya ce mini, mutane na fama da kuɗin awo da kuɗin makaranta, kai kuma za ka tara su ka ba su labarin bashin Barcelona? Maganarsa ta tsaya mini a rai kwana biyu. Abin da ya sa na zo duk da haka shi ne, irin bashin da waɗannan mutane ke ci mun san shi tun kafin a kawo ƙwallo ƙasar nan, kuma kuɗin aljihunmu na cikin abin da ake biyansa da shi.

Bari in fara daga ƙauye. Wanda ya tashi wajen Batagarawa ko Rimi ko Kaita ya ji dattawa na maganar falle. Damina ta yi tsakiya, watan Agusta, rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba. Mai gida ya je wurin mai hali ya karɓi kuɗi ko dami guda, da sharaɗin in kaka ta yi zai mayar da biyu. Iyali sun ci, an tsallake yunwar bana. Kaka ta zo, tun hatsi na gona mai bashi ya aiko da jaki ya kwashe nasa. Sai rumbun baɗi ya ƙare tun Yuli. A koma a sake karɓa, da wuri fiye da bara, da yawa fiye da bara. Shekara uku, huɗu, sai ka ji an jinginar da gonar. Shi wannan bawan Allah yunwa ta kai shi, ba mai ganin laifinsa. Waɗanda zan ba ku labarinsu da ƙoshinsu suka je.

Ku ɗauki Leeds United. Ƙannena na baya ba su san Leeds ta taɓa zama abin tsoro ba. A 2001 sai da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Gasar Zakarun Turai, Valencia ta fitar da ita. Shugabanta na lokacin, Peter Ridsdale, ya ɗanɗana kuɗin wannan gasa ya ji maiƙo, sai ya ɗora lissafinsa kan cewa duk shekara za su shiga. Sun riga sun sayi Rio Ferdinand daga West Ham kan fam miliyan 18. To a wannan kakar uku na sama ke tafiya Gasar Zakarun, Leeds ta zo ta huɗu, maki ɗaya tak tsakaninta da Liverpool. Mai hankali a nan zai ja birki. Su kuwa sai suka karɓo rancen fam miliyan 60 da za a biya cikin shekara 25, suka ƙara sayen 'yan wasa, har da Robbie Fowler. Kun san abin da suka jingina? Kuɗin ƙofa. Tikitin da magoya baya za su saya a shekarun da ba su zo ba tukuna. Falle ke nan, ba ragi ba ƙari.

Kaka ta gaba an ƙara guraben sun zama huɗu, Leeds ta zo ta biyar. Daga nan sai sayarwa. Ferdinand ya tafi Manchester United a 2002 kan kusan fam miliyan 30, Woodgate ya tafi Newcastle, aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. A 2004 suka faɗi daga Firimiya, suka sayar da filinsu na Elland Road da filin atisaye, suka koma 'yan haya a gidansu. A 2007 suka sake gangarawa rukuni na uku. Sai 2020 suka dawo. Yaron da aka raɗa wa suna shekarar da suka faɗi ya kusa gama sakandare kafin ya ga kulob ɗin ubansa a Firimiya.

Na Manchester United ya fi wannan ciwo a wurina, don ita ba ta ci bashin ba, ɗora mata aka yi. Kafin 2005 ba wanda ke bin ta bashin a zo a gani, kuma tana cikin masu kuɗin duniya. Sai iyalan Glazer daga Amurka suka saye ta kan kimanin fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin rantowa suka yi, sannan suka juya suka aza wa kulob ɗin nauyin biya. Ku ɗauka mutum ya je kasuwar Charanchi ko Mai'aduwa ya ga saniya mai nono, ba shi da kuɗinta. Ya ranto ya saya, ya ce wa mai bashi, nononta zai biya ka. Kullum a tatse ta tas a kai wa mai bashi, shi ma mai ita ya ɗebi na furarsa, maraƙi ya kwana da abin da ya saura. Saniyar sunansa take amsawa, amma guminta ya saye ta.

Wani sashe na wannan bashi ruwansa ya haura kashi 14 cikin ɗari a shekara, kuma irin wanda ba a biyan ruwan duk wata ne, tarawa ake yi a kan uwar kuɗin, ruwa ya hau kan ruwa. Masu bin diddigin littattafan kulob ɗin sun ƙiyasta abin da ya fita ta hanyar ruwa, da ladan bankuna, da ribar da masu kulob suka raba, ya haura fam biliyan ɗaya. Ko sisi a ciki bai sayi ɗan wasa ba, bai gyara kujera ba. A watan Mayun 2024, ranar da Arsenal ta je ta ci su ɗaya da nema, duk wanda ke gidan kallo ya ga ruwan sama na kwarara daga rufin Old Trafford kamar indararo. A 2024 ɗin dai attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kulob ɗin, kuma cikin ayyukansa na farko akwai sallamar ma'aikata 250. Waɗannan ba 'yan wasa ba ne. Ma'aikatan ofis ne da makamantansu, masu iyali, waɗanda ba su sa hannu a takardar bashin kowa ba.

[A nan aka dakata don sallar La'asar.]

To, Allah ya karɓa mana. Mu je Barcelona, na san rabin ɗakin nan ita suka zo ji.

Barcelona ba ta da mai gida guda. Ta mambobinta ce, su ke zaɓen shugaba, kuma kun san halin zaɓe. Wanda ya ce zai tsuke bakin aljihu ba ya cin ƙuri'a, wanda ya ce zai kawo tauraro shi ake ɗagawa. A 2017 PSG ta biya yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar. Kuɗi irin wannan in sun faɗo hannun mai natsuwa, ajiye su zai yi ya yi tunani. Shugaban kulob na lokacin, Bartomeu, kuwa sai ya fita kasuwa a gigice, kowane dillali ya san aljihunsu cike yake kuma suna cikin matsuwa. Dembélé sama da miliyan 100, Coutinho sama da miliyan 100, a 2019 Griezmann miliyan 120. Kowanne da albashin da zai riƙe ƙaramin kulob. A Agustan 2020 Bayern Munich ta zuba musu 8 da 2, kuma biyu daga ciki Coutinho ya ci, wanda suka ba Bayern aro alhali nasu ne.

Annobar korona ta rufe filaye, kuɗin ƙofa ya tsaya cak, amma albashi ba ya jin annoba. Da Joan Laporta ya dawo shugabanci a 2021 ya buɗe littattafai, sai ya shaida wa duniya bashin ya kai yuro biliyan 1.35, kuma albashi kaɗai ya zarce duk abin da ke shigowa. Messi ya yarda a rage masa rabin albashinsa, amma dokar La Liga ta iyakance albashi gwargwadon samu, ba ta bar ƙofa ba. Kun gan shi yana kuka gaban 'yan jarida. Shekara 21 a gida guda, ya fita ba don yana so ba.

Abin da aka yi a 2022 shi nake so ku riƙe. Sun sayar wa wani kamfanin zuba jari na Amurka, Sixth Street, kashi 25 cikin ɗari na kuɗin talabijin da La Liga ke ba su, har tsawon shekara 25, suka karɓi sama da yuro miliyan 500 a hannu. Sun sayar da kusan rabin sashensu na shirye-shiryen bidiyo, wasu masu sayen ma ba su biya kan lokaci ba. Da kuɗin suka kawo Lewandowski da Raphinha da Koundé, kuma gaskiya ɗaya ce, sun ci La Liga a 2023. Mai goyon bayansu zai ce mini, Malam, ai dabara ta yi aiki. Na ji. Amma har zuwa wajen 2047, duk kwano huɗu da aka auno, ɗaya na wani ne. Shugabannin da za su gaji wannan rami wasunsu yanzu suna firamare. Sannan a 2023 an ƙara rancen yuro biliyan 1.45 don sabunta filinsu na Camp Nou. A farkon 2025 sai da rajistar ɗan wasansu Dani Olmo ta zama rigima saboda dokar albashin nan, har gaban hukumar wasanni ta gwamnatin Sifaniya. Malamai na nan zaune, sun san Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana sayar da 'ya'yan itace kafin nunarsu ta bayyana. Wanda ya sayar da abin da bai gani ba, kusan kullum da araha yake sayarwa, don matsuwa ce ke yi masa ciniki.

Abin da ya riƙe Barcelona a ganina ba kamfanin Amurka ba ne. Makarantarsu ce ta La Masia. Da aljihu ya bushe dole aka juya ga yaran gida, Gavi, Balde, Cubarsí, Lamine Yamal. Malamai masu horarwa, ku da ke shan rana da yara a filayen makarantu ba ko sisi, wannan aikin naku ne.

Na birnin Milan a gurguje zan faɗa. AC Milan, wani ɗan kasuwar Sin, Li Yonghong, ya saye ta a 2017 da taimakon rance daga kamfanin Elliott, ya kasa biya, a 2018 suka karɓe kulob. Inter, mai ita kamfanin Suning ya ranci yuro miliyan 275 daga kamfanin Oaktree a 2021, da lokaci ya cika a Mayun 2024 kuɗin sun kai kusan miliyan 395, aka karɓe kulob wata guda bayan sun ci gasar Serie A karo na 20. Kulob biyu, gari ɗaya, fili ɗaya, cikin shekara shida.

Yanzu wa ke biya in abu ya fashe? Kowa a nan ya tuna Portsmouth ta 2008. John Utaka ya bugo, Nwankwo Kanu ya jefa a raga, suka ci Cardiff suka ɗauki Kofin FA, mu ma nan muka yi murna kamar namu. Albashin wannan tawaga ya fi ƙarfin kulob mai fili na mutum dubu ashirin da 'yan kai. A Fabrairun 2010 ta zama kulob na farko a tarihin Firimiya da ya karye aka miƙa shi ga masu kula da dukiyar wanda bashi ya ci, aka cire mata maki 9, zuwa 2013 tana rukuni na huɗu. A Ingila akwai ƙa'idar da ta sa 'yan wasa da sauran kulob-kulob a gaban layin biya. Ƙananan 'yan kasuwar gari, har da masu agajin gaggawa na St John Ambulance da ke tsayawa bakin fili, su ne a baya, tayin kashi 20 cikin ɗari aka yi musu. Daga ƙarshe magoya baya ne suka haɗa kuɗi suka karɓi kulob ɗin a 2013.

Wannan labari ba na iya ba da shi ban tuna namu ba. Shekarun baya ina ma'ajin kulob ɗin unguwarmu, aka sa wata gasa mai kyautar kuɗi. Muka zauna muka ce bana namu ne. Muka karɓi kuɗi hannun wani ɗan kasuwa, muka ɗinka riguna, muka sayi takalma, muka yi hayar 'yan wasa biyu daga wani gari, muna biya musu mota da abinci. Duk lissafin a kan kyautar da ba mu ci ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka, mu ko layi ɗaya ba mu rubuta ba. A wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da mu da bugun fenariti. 'Yan haya suka karɓi nasu suka hau mota. Ɗan kasuwa yana da baki a gari, dole aka biya shi, kocinmu ya sayar da babur ɗinsa. Akwai wata baiwar Allah, gwauruwa mai marayu, da ke dafa wa yara shinkafa da wake bayan kowane wasa. Ita ce ta ƙarshe a layi. Sai da ta shekara tana aiko ɗanta ƙofar gidana. Na biya ta daga baya daga albashina, amma jarinta ya riga ya karye, ta daina sana'ar. Har yau in na bi ta layinsu sai na ji nauyi.

Kada wani ya fita ya ce na ce duk bashi halaka ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Arsenal ta ci bashi mai nauyi ta gina Emirates, wanda ya ci kimanin fam miliyan 390, ta tashi daga Highbury mai cin mutum dubu 38 ta koma fili mai cin dubu 60 a 2006. Bashi ne na dogon zango, an san abin da za a biya duk shekara, kuma abin da aka gina da shi yana kawo kuɗi duk ranar wasa. Sun sha wuya. Henry ya tafi, Fabregas ya tafi, Van Persie ya tafi, daga 2005 zuwa 2014 ba kofi, 'yan Arsenal na garin nan sun san irin tsiyar da aka yi musu a majalisu. Amma kocinsu na lokacin, Wenger, ya riƙe aljihu, filin yana nan tsaye, nasu ne. Wanda ya ranci kuɗi ya haƙa rijiya a gonarsa da wanda ya ranta ya yi biki, dukansu ana bin su bashi, sai dai ba za su kwana iri ɗaya ba.

Saura inda muka shigo ciki. Duk Asabar da Lahadi gidajen kallo daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa cike suke. Yaro ya biya kuɗin shiga, mai gidan kallo ya haɗa ya sayi mai ya biya DStv, SuperSport ta biya Firimiya da La Liga kuɗin izinin nunawa. A yarjejeniyar 2022 zuwa 2025, abin da Firimiya ta samu daga ƙasashen waje ya zarce na cikin Ingila. Saboda haka in mai ba da rance ya yarda ya jira shekara 25, ya dogara ne kan cewa ni da kai ba za mu daina kallo ba, kuma 'ya'yanmu za su gaje mu. Mai shago in ya ɓata, abokin ciniki ya koma na gaba. Mai goyon baya ba ya komawa ko'ina. Soyayyar nan ita ce jinginar. Kuma mu ne ke cika Facebook da zagin shugaban da bai sayo ɗan wasa ba.

Shugaba na nuna mini agogo. A ba da dama ga tambaya ko guda.

[Wani matashi mai horar da 'yan ƙasa da shekara 15 ya tashi.] Malam, Allah ya ƙara basira. Mu nan ai ba mai ba mu rance ma. Ni a ganina mafita ita ce a samu attajiri ko gwamnati ta riƙe kulob, kamar yadda aka yi wa Chelsea. Mi za ka ce?

Na gode, ƙanena. Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003, kuma kuɗin da ya zuba, kusan fam biliyan ɗaya da rabi, a littafi rance aka rubuta su. A Maris 2022 gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba masa takunkumi saboda yaƙin Yukren, dare ɗaya kulob ɗin ya wayi gari ba ya iya sayar da sabon tikiti, shagon rigunansa a rufe. Sun tsira ne don ya ce ya yafe bashin kuma an samu masu saye. Da ya ce a biya shi fa? Mu ma mun ga irinsa a gida. Dattawan gaba sun san Abiola Babes, sun san Leventis United, sun san Raccah Rovers ta Kano da ta ci gasar ƙasa a 1978. Ina suke? Kulob ɗin da aljihu ɗaya ke riƙe da shi, ranar da mai aljihun ya gaji ko ya faɗi, ya tafi da shi. Yawancin manyan kulob na ƙasar nan na gwamnatocin jihohi ne, har da Katsina United ɗinmu, kuma kowace gwamnati da abin da ta sa a gaba. Ni abin da nake fata shi ne ranar da za a cika filin Muhammadu Dikko kowa ya yanki tikiti a ƙofa, kuɗin su shiga littafi, a karanta wa jama'a a ƙarshen kaka.

Ku kuwa na unguwanni, in attajiri ya ba ku ku karɓa ku gode, amma ku tambaye shi a gaban shaidu, Alhaji, kyauta ce ko rance? A rubuta amsar. Duk ma'ajin da ke nan ya zo mini da littafinsa ranar Asabar bayan La'asar, nan wurin, mu duba tare. Wanda ba shi da littafi ya sayo mai shafi arba'in ya zo da shi, da sunayen duk waɗanda ke bin kulob ɗinsa kuɗi, a fara da mai abinci da mai wanki.